Tutoci Biyu a Lungun Alhaji Bawa

Cikin duk ranakun da na yi a sashen furotokol, akwai wata safiyar Alhamis da ta ƙi fita daga raina. Tunda kun matsa in ba ku labari kafin in miƙa makullin biro, wato ofis, ita zan ba ku. Abokan aiki ku yi haƙuri idan na tsaya ina bayanin abin da kuka sani, akwai 'yan uwa daga unguwa da suka zo taya ni murnar ritaya, su ba su san aikin ba.

Furotokol shi ne sashen da ke tsara yadda gwamnati ke hulɗa da baƙinta: wa zai tarbi wa, wa zai shiga gaba, wa zai zauna a dama, wace tuta za a kafa a ina. Wani zai ga kamar ƙaramin abu ne. Amma ƙasa irin tamu, wadda ba ta da teku, ba ta kuma da ƙarfin da za ta tsorata kowa, baƙo ɗaya da aka zaunar ba daidai ba yana iya sa man fetur da gishiri su yi wata guda ba su shigo ba.

A lokacin ni jami'in rakiya ne. Duk jakadan da zai halarci taro a bainar jama'a cikin Wagadugu, ni zan riga shi zuwa, in duba wurin, in tarbe shi, in mayar da shi motarsa lafiya. A samana akwai Madam Dirakta, a samanta sakatare janar, sannan minista.

Shekarar, biyu daga cikin maƙwabtanmu sun ɓata. Ba zan kama sunansu ba, rantsuwar aiki ba ta ƙarewa da ritaya. Ku ce ta gabas da ta kudu. Suka rufe iyakar da ke tsakaninsu, jakadunsu suka daina gaisawa. Mu kuma muna tsakiya. Kayanmu ta tashar jirgin ruwan ta kudu suke fitowa. Ta gabas kuwa dangi ce, mutanen unguwarmu ta Zongo da yawa can ne asalinsu. Gwamnati ta ce ba mu tare da kowa, ba mu gaba da kowa, kuma kada wani ma'aikaci ya yi abin da zai sa a ce muna neman shiga tsakani. Rufewar ta rutsa da wasu direbobin manyan motoci 'yan unguwarmu a kan gadar da ke tsakanin ƙasashen biyu. Sun fita daga wannan, ba a karɓe su a waccan ba, kuma ba a bar su su juyo da motocin ba. Ana cikin wata na biyu ke nan.

Sai Allah ya yi wa Alhaji Bawa mai goro rasuwa. Tsoho ne da duk kasuwar Rood Woko ta san shi. A gabas aka haife shi, daga kudu yake ɗauko goro, kuma gidansa na Zongo masauki ne ga baƙin ɓangarorin biyu tun kafin a haife ni. Ranar Talata, takardu biyu suka iso ma'aikata, ɗaya daga kowane ofishin jakadanci. Kowa yana sanar da mu cewa jakadansa zai halarci sadakar uku ranar Alhamis.

Madam Dirakta ta kira ni. Mace ce mai ƙarancin magana, ba ta ba mutum wurin zama sai idan maganar mai tsawo ce. Ranar ba ta ba ni ba.

Ta ce, "Isufu, unguwarku ce. Ba za mu hana ko ɗaya zuwa ba. Amma ba za su haɗu ba. Ko daga nesa kada hoto ɗaya ya ɗauke su tare. Idan suka haɗu, kowace ƙasa za ta ce mu muka shirya mata tarko."

Na ce, "Madam, gidan makoki ne. Ba a—"

"Na san abin da yake. Ka kawo mini tsari gobe da safe."

Wunin Laraba na yi shi tsakanin ofisoshin biyu. A ƙa'ida, jakadan da ya riga gabatar da takardunsa ga shugaban ƙasa shi ke shiga gaba, kuma na kudu ne ya riga. Amma na gabas suka ce mamacin ɗansu ne, ba za a bar su a baya ba. Na gaya wa na gabas cewa su za su fara zuwa, takwas da rabi, kamar yadda dangi ke yi. Na gaya wa na kudu cewa su za su zo ƙarfe goma, lokacin babbar addu'a, sa'ad da manyan gari suka hallara. Kowa ya ga shi aka girmama. Na gabas zai tashi ƙarfe tara, tsakaninsu na bar awa guda cur.

Da la'asar na hau mashin na tafi wurin Alhaji Sule, babban ɗan mamacin. Ya girme ni nesa, Yaya nake ce masa. Na yi masa gaisuwa, na zayyana masa tsarin. Ya saurare ni har na gama, idanunsa jajir saboda rashin barci.

Ya ce, "Isufu, mahaifina bai taɓa ce wa baƙo ga lokacin da za ka zo ba. Ni ma ba zan fara a kan sadakarsa ba. Kai ka yi aikinka a waje. Wanda ya iso ƙofar gidan nan, tabarma zan ba shi."

Na fito na auna lungun da ƙafa. Mota ɗaya yake ɗauka, da ƙyar. Baki biyu gare shi, ɗaya wajen kwalta, ɗaya wajen masallaci. Gidan yana tsakiya, da ɗan fili a gefe inda aka kafa rumfa. Na rubuta cewa kowace mota ta shigo ta wajen kwalta, ta fita ta wajen masallaci. Na ba direbobin biyu kwafi, na ba 'yan sandan rakiya.

Alhamis da asuba aka tsuge da ruwa, irin na tsakiyar damina. Kafin bakwai ya ɗauke, amma ya bar gari cikin taɓo. Na isa Zongo bakwai da rabi, takalmina a hannu. Rumfa ta cika, mutane har bakin katanga.

Takwas da rabi ta yi, babu jakadan gabas. Tara ta yi. Na kira sakatarensa, ya ce ruwa ya tare su ta wajen unguwar Larlé, suna zagayowa. Tara da kwata na sake kira, bai ɗauka ba. Na fara lissafi a raina: idan ya iso tara da rabi, in ba shi minti goma sha biyar, zai fita kafin ɗayan ya zo. Abin da ban sani ba shi ne jakadan kudu an sa masa wata ganawa da hantsi, ya yanke shawarar zuwa da wuri. Sakatariyarsa ta kira biro ta bar saƙo, saƙon kuma yana kan teburina, ni ina Zongo.

Tara da minti ashirin da biyar na ji jiniya ta wajen kwalta. Na ce alhamdulillahi, na nufi can da sauri. Da motar ta karyo kwana sai na ga tutar da ke gabanta. Ta kudu ce. Ban gama haɗiye wannan ba na ji wata jiniyar a bayana. Direban jakadan gabas, Baba Hamidu, tsohon ɗan unguwa ne, ya san inda ruwa ke kwanciya, sai ya bar tsarina ya shigo ta wajen masallaci.

Motocin biyu suka taho a hankali, suka tsaya daidai ƙofar gidan, hanci da hanci, tsakaninsu bai fi taku goma ba. Kowace da tutarta a tsaye. Ni ina tsakiya, ƙafata cikin taɓo.

Duk rumfar ta juyo tana kallo. Sannan wayoyi suka fara ɗagowa, ɗaya bayan ɗaya. Samarin da ke jikin katanga suka matso. Da yawansu suna da 'yan uwa a kan gadar can, kuma sun riga sun yanke wa za su ɗora wa laifi. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Ya ja da baya! Nan ba ƙasarsu ba ce!" Wasu suka amsa masa. Na ga mai tsaron jakadan kudu, wanda ke zaune a gaba, ya sa hannu cikin kwat ɗinsa ya bar shi a can. 'Yan sandanmu huɗu ne kacal, kuma su ma ni suke kallo.

Na je tagar jakadan kudu. Ya sauke gilashi kaɗan. Dattijo ne mai furfura, muryarsa a kwance.

Ya ce da Faransanci, "Musye, da izinin ma'aikatarku na zo. Tutar ƙasata ba za ta yi baya a gaban waɗannan wayoyin ba. Ka gaya wa ɗayan."

Na tsallaka wurin na gabas. Shi da Hausa ya yi mini magana, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

"Isufu, shiryawa kuka yi?"

"Wallahi, ranka ya daɗe, ruwa ne."

"To, ruwan ya janye motarsa. Ni gidan ɗan uwana na zo."

Wayata tana ta rawa a aljihu. Madam Dirakta ce, wani ɗan sanda ya riga ya sanar da ita. Ta ce, "Ka raba su. Ko ta yaya. Kada ɗayansu ya sauka. Ka ji ni? Kada su sauka." Na ce na ji. Ban san me zan yi da abin da na ji ba. Ina ganin wani saurayi ya sunkuya ya ɗauki wani abu daga ƙasa, ban san ko dutse ba ne ko takalminsa. Na san dai idan abu ɗaya ya taɓa gilashin motar nan, kafin azahar labarin ya kai manyan biranen uku.

Sai Baba Hamidu ya buɗe ƙofarsa ya fito da tsumma, ya fara goge taɓon da ke jikin fitilar mota, kamar babu abin da ke faruwa. Da na zo wucewa, bai ɗago ba ya ce, "Ɗan nan, idan maigida ya sauka, tuta riga take shiga."

Na tsaya cak. Ga waɗanda ba su sani ba, tutar da ke gaban motar jakada ana buɗe ta ne kawai idan yana ciki. Da zarar ya sa ƙafa a ƙasa, direba zai naɗe ta ya zura mata rigar fata. Daga nan motar ta zama mota kamar kowace, tana iya yin baya, ba wanda aka ci wa mutunci. Wannan darasin makon farko ne a aikinmu. Na sha koyar da shi. Amma a lungun nan ya ɓace mini ƙaf, sai da direba ya tuna mini.

Matsalar ita ce sai sun sauka, kuma an ce kada su sauka. Sannan babu wanda zai yarda ya riga ɗayan.

Na ciro wayar, na kashe ta.

Na koma wurin na kudu na ce, "Ekselans, iyalan mamaci suna jiranku. Idan na cire hulata, direbanku zai buɗe muku ƙofa. Ɗayan ma a daidai lokacin zai sauka."

Ya dube ni ya ce, "Ya yarda?"

Na ce, "Ya yarda." Ban ko tambaye shi ba tukuna. Allah ya yafe mini.

Na je wurin na gabas na faɗa masa haka. Ya ja carbinsa. Sannan ya ce, "Idan na sauka shi bai sauka ba, gobe ba ni da aiki. Kai ma haka."

Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ɗaga gilashinsa.

Na yi wa direbobin biyu bayani, na koma tsakiya, na yi bismilla a zuci, na cire hula. Ƙofofin biyu suka buɗe. Babu wanda ya fito. Ban san tsawon lokacin ba, wataƙila bai kai numfashi biyar ba, amma ni na ga ƙarshen aikina a ciki, na ga ana karanta sunana a rediyo. Sai baƙin takalmi ya sauko cikin taɓo ta hagu, farar babbar riga ta fito ta dama. Wa ya riga wa? An sha tambayata. Ban gani ba, kuma ko na gani ba zan faɗa ba.

Direbobin suka naɗe tutoci, suka zura musu riga, suka ja motocin baya a tare, kowa ta inda ya shigo. A daidai nan liman, Allah ya saka masa, ya ɗaga murya ya ce a yi salati. Mutum ba ya ɗaga hannu biyu yana addu'a da waya a hannu. Wayoyin suka koma aljihu, duk da cewa wasu sun riga sun ɗauki abin da suka ɗauka.

Alhaji Sule ya fito ba takalmi, ya yi musu maraba da kalma iri ɗaya, ya kai su cikin rumfa. Tabarma ɗaya ce ruwa bai jiƙa ba. Ya nuna musu ita. Na yi wuf na zauna a tsakaninsu, don ko ba komai a ce akwai ƙasa ta uku a kan tabarmar. Jakadan kudu Kirista ne, amma ya buɗe tafukansa kamar kowa har aka shafa. Ba su dubi juna ba. Ni kuwa ina jin numfashin kowannensu a kunnena.

Bayan addu'a mutane suka jeru suna gaisawa. Cikinsu akwai Malam Nuhu, wani tsoho mai gyaran keke a bakin masallaci. Da ya iso gabanmu bai wuce ba. Ya durƙusa ya ce, "Ranku ya daɗe, ɗana Lawali yana kan gadarku. Ciwon suga gare shi, maganinsa ya ƙare. Ni ban san rigimarku ba. Ku bar mini shi ya dawo."

Na gabas ya ji da kunnensa. Na kudu ya juyo ya tambaye ni me tsohon ya ce. Na fassara masa, ban rage ba, ban ƙara ba. Can, yana kallon gabansa kamar da sandar rumfa yake magana, ya ce da Faransanci, "Musye, idan ma'aikatarku ta aiko da sunayen 'yan ƙasarta da lambobin motocinsu, ban ga wanda zai ƙi karanta takarda ba."

Na gabas bai ɗago daga carbinsa ba ya ce, shi ma da Faransanci, "Mu ma muna karanta takardun ƙasar nan."

Iyakar abin da aka faɗa ke nan. Wajen tafiya Alhaji Sule ya sauƙaƙa mini. Ya ja na gabas cikin gida ya yi wa iyaye mata gaisuwa, tunda dangi ne, ya fitar da shi ta ƙofar baya. Ni na raka na kudu har bakin kwalta.

Da suka tafi na zauna a kan dakalin wani shago. Na kunna waya. Kiran Madam guda tara.

Kafin in isa biro hoton ya riga ni: jakadu biyu a kan tabarma ɗaya, da ni a tsakiya kamar wanda aka kama da kaya. Madam ta ajiye wayarta a gabana ta ce, "Me na ce maka?" Na ce ta ce kada su sauka. "Me ka yi?" Na ce na sauke su. Ta ba ni takardar neman bayani, wadda ake ba ma'aikacin da ya saɓa umarni, ya amsa a rubuce cikin kwana biyu. Na amsa a ranar. Na rubuta komai, har da kashe wayar, har da ƙaryar da na yi wa jakadan kudu. A sakin layi na ƙarshe na sa maganar Malam Nuhu da amsoshin nan biyu, kalma da kalma.

Ta karanta a gabana. Da ta kai ƙarshe ta sake karanta wurin. Ta tambaye ni, "Haka suka faɗa? Ba gyarawa ka yi ba?" Na ce haka suka faɗa. Ta miƙe da takardar ta hau bene wurin sakatare janar.

Makon da ya biyo baya shi ne mafi tsawo a rayuwata. Ƙasashen biyu kowace ta aiko da takardar ƙorafi. Kullum na shigo biro ina jiran a ce in tattara kayana. Matata ta daina kunna rediyo idan ina gida. A ƙarshe aka cire ni daga rakiya, aka tura ni ɗakin manyan baƙi na filin jirgi, inda na yi kusan shekara ina buɗe ƙofa ina duba fasfo. Aka kuma sa takardar gargaɗi cikin dosiyena, wato fayil ɗin aikina. Tana nan har yau, duk mai so ya je ya gani.

Daga baya na ji cewa an aika jerin sunayen ga ofisoshin biyu, rana ɗaya, sa'a ɗaya. Bayan kamar mako uku direbobinmu suka fara shigowa Zongo. Kayan da suka ɗauko duk sun lalace, iyakar kuma ta daɗe ba a buɗe ba bayan haka. Lawali ya dawo a rame, sai da ya kwanta asibiti, amma ya tashi. Babu wanda ya taɓa cewa abin da aka faɗa a kan tabarmar nan ne ya dawo da su, ni ma ba zan rantse ba. Jakadan gabas kuwa, wata biyu bayan nan aka kira shi gida, ba a sake ba shi wani muƙami ba. Ko hoton ne sanadi, ko wani abu daban, ban sani ba. Wannan shi ke damuna har yanzu, domin ni na sa shi ya buɗe ƙofar motar nan.

Madam Dirakta ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, kuma ban ga laifinta ba. Umarninta yana da dalili, da abin ya ɓaci ita za a fara tambaya.

Abin da na koya, ku matasa, shi ne manyan nan da muke rakawa sun fi mu ɗaurewa. Kowannensu yana da wanda ke kallonsa daga gida, ba ya iya ja da baya ko yana so. Aikinmu shi ne mu nemo masa hanyar da zai fita da mutuncinsa, kuma sau da yawa wanda ya san hanyar ba ya cikin biro. Ku gaida direbobi, ku san sunayensu, ku saurare su. Ba na ce muku ku riƙa saɓa umarni ba. Sau ɗaya na yi cikin duk shekarun nan, kuma na biya. Amma idan rana irin wannan ta zo muku, har kuka kashe waya, to ku kunna ta da hannunku, ku tafi biro da ƙafarku kafin a aiko kiranku, ku rubuta abin da ya faru yadda ya faru, ku sa hannu a ƙasa.